Sharhi: Sukarin da ke Ɗaure Guba a Cikin Gyauron Dawa



Babu makiyayi a ƙasar Zurmi, ko a fadamun Gulbin Bunsuru da Gulbin Gagare har zuwa Shinkafi da Ƙauran Namoda, da bai san gyauro ba. Ruwan farko na sauka, tushiyar dawar bara da aka bari a gona sai ta fara toho, kore shar, a daidai lokacin da daji bai gama farfaɗowa ba, shanu kuma sun sha rani har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Shi ya sa yaron da aka miƙa wa sanda ya fita kiwo, cikin gargaɗin farko da yake ji daga bakin manya har da wannan: kar ka yarda su shiga gyauro.

Wanda ya taɓa ganin abin da ke biyo baya ba ya mantawa. Saniya ta ci ta ƙoshi, ba a jima ba sai ta fara haki, yawu na dalala daga bakinta, jiki na ɓari, ta yi tangaɗi kamar ƙafafun ba nata ba, ta faɗi tana shure-shure. Wani lokaci abin bai kai rabin awa ba. Sau da yawa kafin mai ita ya zaro wuƙa ta riga ta zama mushe. In kuwa an yi sa'a an yanka, mahauci zai ga jinin ya fito ja jawur, ya fi wanda ya saba gani haske. Dalilin hasken shi ne jinin cike yake da iskar oksijin, amma gubar ta hana naman jiki amfani da ita. Dabbar ta shaƙe ne alhali huhunta na aiki.

Gubar nan sunanta sayanayid. Tun a shekarar 1902 wasu masana biyu a birnin Landan, Wyndham Dunstan da Thomas Henry, suka tsamo sinadarin da ke ɗauke da ita daga ɗanyar dawa, suka sa masa suna dhurrin. A nan za a riƙa kiransa sinadarin gyauro. Yana da yawa ƙwarai a jikin ƙaramar dawa: a kan tsiron da bai daɗe da fasa ƙasa ba, an auna shi ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen tsiron. Dawa na girma yana raguwa, kuma ƙosasshiyar tsaba, wadda ake tuwo da kunu da ita, ba ta da wani abin tsoro. Gero ma ba ya cikin wannan magana, don shi ba ya tara wannan sinadari.

To, tambayar da ta fi jan hankali ita ce: sayanayid ba ta san dabba ba, ba ta san tsiro ba, duk mai rai da ke numfashi tana iya kashe shi. Ta yaya dawa ke tara wannan uban guba a jikinta, kuma ta tashi lafiya lau?

Amsar tana ga ƙwayar sukari guda ɗaya.

Dawa na ƙera makamin nata ne a matakai uku, kuma kowane mataki akwai enzayim ɗin da ke kula da shi. Enzayim wani nau'in furotin ne da jikin mai rai ke yi domin ya hanzarta haɗa sinadarai ko raba su. Na farko da na biyu suna ɗaukar wani amino asid mai suna tayirosin su sarrafa shi har ya koma wani sinadari maras haƙuri, wanda in an bar shi shi kaɗai zai tarwatse nan take ya saki sayanayid. Kafin hakan ta faru sai enzayim na uku, wanda masana ke kira UGT85B1, ya cafke shi ya maƙala masa sukarin gulukos a daidai wurin da zai fashe. Shi ke nan, ya natsu. Sukarin ya zame masa kube, wuƙar na nan da kaifinta amma ba ta yanka mai ita. Kuma da yake sukari na son ruwa, sinadarin ya zama mai narkewa, ana iya tura shi cikin wata jakar ajiya da ke cikin ƙwayar halittar ganyen a kulle.

A wani sashe dabam na ganyen kuma dawa ta ajiye wani enzayim da ba shi da aiki sai cire wannan sukari. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Eric Conn da abokan aikinsa sun nuna a 1979 cewa sinadarin yana zaune ne a fatar ganye ta waje, mai kwance shi kuma yana can cikin tsokar ganyen. Muddin ganye na nan lafiya, ba sa haɗuwa. Ranar da haƙorin saniya ko bakin fara ya tauna shi, bangon da ya raba su ya rushe, sukari ya fita, guba ta tashi. Shanu da tumaki da awaki sun fi doki da jaki shiga haɗari, domin tumbinsu ba shi da tsami sosai, ga kuma ƙananan halittun da ke cikinsa suna taya kwance sukarin.

Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan matakai uku ya fito ne daga birnin Kwapanhagan na ƙasar Denmak, ƙasar da ba a san ta da noman dawa ba, daga ɗakin binciken Farfesa Birger Lindberg Møller. Su ne suka gano ƙwayar gadon enzayim na farko a 1995, na biyu a 1998, na ukun mai maƙala sukari kuma a 1999. A 2001 suka kwashe ukun gaba ɗaya suka dasa a jikin wata 'yar ciyawa da masana ke yawan gwaji da ita, Arabidopsis, wadda a halittarta ba ta yin wannan sinadari. Ciyawar ta fara yin sinadarin gyauro, har wani ɗan ƙwaro da ya saba cin ganyenta ya ƙaurace mata. Da aka dasa biyun farko kawai, aka bar mai sukarin, sai ciyawar ta tsumbure.

An sake ganin haka a jikin dawar kanta. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya, tare da na Kwapanhagan, sun samo dawar da enzayim ɗinta na farko ya lalace. Ba ta yin guba ko kaɗan, ta ɗan yi jinkirin tashi tana ƙarama, amma ta girma ta yi zangarniya. Sai kuma suka samo wadda na ukun ne ya lalace, suka bayyana sakamakon a 2016. Ita wannan ta zama wada, saiwarta ba ƙarfi, tsabarta 'yar kaɗan. Ta ƙera wuƙa ba ta da inda za ta sa ta.

Enzayim ɗin dawa ɗaya ne kawai daga cikin wata zuriya mai faɗi. Ita waccan 'yar ciyawa ta gwaji tana da irinsu fiye da 100, manyan amfanin gona da dama sun fi haka. Dukansu sana'arsu ɗaya: su ɗauko sukari su liƙa wa wani sinadari. Amma ba sukarin da ke yawo haka kawai suke ɗauka ba. Sai wanda aka ɗora a kan wani mariƙi mai suna UDP, wanda ke sa shi cikin shirin tsallakawa. Luis Leloir ne ya gano wannan haɗi na UDP da gulukos a birnin Buenos Aires na Ajantina a wajajen 1950, a ɗakin bincike mai ƙarancin kuɗi, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1970. Ƙwayar gadon irin wannan enzayim ta farko da aka ware a tsiro kuwa daga masara ta fito, a 1984, ta hannun Nina Fedoroff da abokan aikinta. Masarar da ta rasa shi, maimakon ƙwayarta ta yi shuɗi mai duhu, sai ta yi kalar tagulla.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗi, kuma ta fi wuya. A cikin ƙwayar halitta guda ta ganye akwai dubban sinadarai suna kai da kawowa. Ta yaya enzayim ke gane nasa?

Sai a 2005 aka fara ganin siffarsa ƙuru-ƙuru, lokacin da masana a wata cibiyar bincike a jihar Oklahoma ta Amurka suka daskarar da enzayim ɗin wani tsiro ɗan dangin wake, suka haska shi da hasken eksire. Shekara guda bayan haka masana a Jami'ar York ta Ingila suka fitar da siffar na inabi, wanda ke ɗaure launin jan inabi. Abin da aka gani iri ɗaya ne. Enzayim ɗin zare ne na amino asid kusan 450 zuwa 500 da ya nannaɗe ya zama ɓari biyu, da tsaga mai zurfi a tsakani. Ɓari ɗaya yana riƙe sukari da mariƙinsa. Ɗaya ɓarin yana da gurbin da sinadarin da za a yi wa aiki zai shiga ya zauna.

Ɓarin sukari kusan bai canzawa daga tsiro zuwa tsiro. Akwai wani jeri na amino asid 44 a cikinsa da za a samu a dawa, a rogo, a inabi, a masara, da 'yan bambance-bambance kaɗan. Da wannan jeri ne ma masana ke gane ɗan zuriyar idan suna duba ƙwayoyin gadon sabon tsiro a kwamfuta. Ɓarin gurbin kuwa kowa da irin nasa. Wani gurbin ƙunci gare shi, wani faɗi. Wani bangonsa na ƙin ruwa, wani yana da wuraren da ke kama sinadari ta gefe su daidaita masa zama. A bakin tsagar akwai amino asid guda, histidin, wanda shi ne ke yin aikin. Yana fizge ƙwayar haidurojin daga wani hannu na sinadarin, hannun da ya ƙunshi oksijin da haidurojin. Oksijin ɗin da aka bari tsirara sai ya kai wa sukarin cafka, mariƙin ya saki ya tafi. Duk wannan ba zai yiwu ba sai hannun ya zo daf da histidin, ta fuskar da ta dace. Sinadari na iya shiga gurbin ya zauna daram, amma in hannunsa na kallon wani gefe, haka zai fito ba a yi masa komai ba.

Saboda haka ganewar ba ta suna ba ce, ta zama ce. Wannan ne ya sa enzayim ɗin dawa, da aka fitar da shi aka gwada a kwalba, ya riƙa liƙa sukari ga wasu sinadarai da dama da ba ruwansu da sayanayid, har da wani mai ƙamshin fure da ake kira jeraniyol. A cikin dawa kuwa bai cika yin wannan shisshigi ba. Binciken da mutanen Kwapanhagan suka fitar a 2016 ya nuna dalili: enzayim ɗin uku suna haɗuwa wuri guda a jikin wani tantani, na biyu na gama aikinsa na uku na karɓa, ba a ba sinadarin sararin yawo, shi ma mai sukarin ba a ba shi sararin kallon wani.

Shi ma zaɓen sukarin akwai nasa sirrin. Gulukos da galaktos kusan tagwaye ne, bambancinsu hannu guda ne da ke kallon sama a ɗaya, ƙasa a ɗayan. A 2004 wasu masana a Japan suka canza amino asid na ƙarshe a wancan jeri na 44, a jikin enzayim mai ɗaukar galaktos, sai ga shi ya fara ɗaukar gulukos ma. Da suka gwada akasin haka a jikin mai ɗaukar gulukos, bai koma galaktos ba. Wannan sakamako ya isa ya sa duk mai cewa ya gama fahimtar lamarin ya sassauta murya. Har yau, ko da manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar furotin, wadda masu ita suka samu rabon kyautar Nobel ta 2024, sanin abin da wani enzayim zai karɓa da wanda zai ƙi yana bukatar a zauna a gwada da hannu.

Mai sauraro zai iya ganin misalin wannan a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ba sai ya je Turai ba. Ga mai zoɓo, ga mai karan dafi, dukansu ja suke sayarwa. Jan zoɓo yana da hannu a wani wuri da masana suka lamba da 3, kuma a nan ne tsiron ke liƙa gulukos, wani enzayim ɗin kuma ya zo ya ɗora wani sukarin mai suna zailos a kansa. In babu wannan sukari, launin ba ya jimawa yake lalacewa. Jan karan dafi, wanda ake samu a kuben ganyen wata irin dawa, wanda dukawa suka daɗe suna daka shi da ruwan kanwa su rina fatar akuya da shi, ba shi da hannu a wannan wuri sam. Enzayim ɗin da ke yi wa jan zoɓo aiki ba zai sami abin kamawa a wurin ba. Rashin hannun kuma shi ya cire masa raunin da ke bukatar kariya, don haka yake jure zafi da kanwa fiye da zoɓo. Duk uwargidan da ta taɓa kuskuren haɗa zoɓo da kanwa ta ga yadda jan ke dusashewa ya koma wani baƙi-baƙi.

Sai kuma baba. Ganyen baba kore ne, ko an murza shi a hannu ba a ganin shuɗi nan take. Abin da ke ciki sinadari ne maras launi mai suna indikan, wato ainihin mai ba da shunin a ɗaure da gulukos. Idan aka daka ganyen aka cura, enzayim ɗin tsiron ya cire sukarin, iska ta bugi abin da ya rage, biyu-biyu suka haɗu suka zama shuni, wanda ba ya narkewa a ruwa. Aikin ɗan karofi daga nan yake farawa. Ya zuba baba cikin rami da ruwan toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa yana motsawa da muciya, har ƙananan halittu su mayar da shunin mai narkewa. Ya tsoma zane, ya ɗago shi yana ɗiga, launinsa tsanwa-tsanwa mai ruwan ɗorawa, kuma yana riƙe da shi a hannu iska za ta mayar da shi shuɗi a kan idonsa. Haka ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano har gobe, haka aka yi a karofin garuruwan ƙasar Hausa kafin kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, ya karya kasuwar baba a duniya.

Abin ban sha'awa, yanzu masana'antar ce ke komawa ga dabarar ganyen. Rina wandon jins na bukatar wani sinadari mai gurɓata ruwa domin narkar da shuni. A 2018 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗauko enzayim mai liƙa sukari daga wani tsiron rini na Japan, suka gano siffarsa, suka sa shi cikin ƙwayoyin bakteriya domin su riƙa yin indikan. Ana jiƙa zare da shi, a cire sukarin a kan zaren, shuɗi ya fito ba tare da wancan sinadari ba. A fannin abinci ma haka ne. Ganyen sitibiya, ɗan asalin ƙasar Paraguwai, yana da sinadarin da ya fi sukarin shayi zaƙi sau 200 zuwa 300, amma da ɗan ɗaci a ƙarshe. Gulukos 3 ne a jikinsa. Wani enzayim mai suna UGT76G1 na ƙara na huɗu, ɗacin ya ragu. Wanda ke da 6 ya fi su duka daɗi, sai dai kaɗan ne a ganyen, shi ya sa kamfanoni a Amurka suke yin sa da yis da aka dasa wa waɗannan enzayim. Masu ciwon sukari na cikin waɗanda ake yi wa wannan kasuwa.

Ko jikin ɗan Adam bai fita daga wannan tsari ba. Hanta na da 'yan wannan zuriya, kuma da su take ɗaure maganin farasitamol da wani ɗan'uwan gulukos ta fitar da shi ta fitsari. Shawarar da ke sa idon jariri ya yi ɗorawa a kwanakin farko, sau da yawa dalilinta shi ne enzayim ɗin hantarsa bai gama ƙosawa ba.

Rogo ya fi kusa da dawa a wannan batu, kuma ya fi shafar mutane kai tsaye. Shi ma yana ɗaure sayanayid da gulukos, a wani sinadari mai suna linamarin, kuma mutanen Kwapanhagan ɗin nan ne suka gano enzayim biyu da ke liƙa masa sukarin a 2011. Ɓawo da ganye sun fi tsokar yawan guba, rogo mai ɗaci ya fi mai zaƙi nesa ba kusa ba, fari kuma na ƙara ta. Masu yin garin kwaki sun daɗe da gano maganin abin. Gurzawar da suke yi ita ce ke haɗa sinadarin da enzayim mai kwance shi, matsewa da barin sa ya kwana biyu zuwa uku na ba shi lokacin aiki, suyar kuma na korar gubar, domin sayanayid na tashi ta bi iska tun daga zafin digiri 26. Inda yunwa ko yaƙi suka sa aka gajarta waɗannan matakai, an ga sakamakon. A lardin Nampula na Mozambik, a farin 1981, mutane fiye da 1,000 suka kamu da konzo, ciwon da ke sandarar da ƙafafu har abada. A nan gida, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wani ciwon jijiya da ya gani a kudu maso yamma da yawan cin rogon da ba a gyara sosai ba. Don haka ɗanyen ɓawon rogo da ake watsa wa awaki a bayan gida ba kyauta ba ce; a shanya shi ya bushe tukuna. Masu tsirar da dawa domin kunu su ma su murje tsiron da saiwar su zubar, su kuma tafasa da kyau.

Ga makiyayi da mai turke, ilimin nan yana da amfani na yau da gobe, musamman yanzu da matsalar tsaro ta hana dabbobi da yawa nisa da gari, ana yanko musu abin da aka samu a gonakin kusa. Haɗarin ya fi yawa a dawar da ba ta kai santimita 60 ba, wato wadda ba ta wuce gwiwar babban mutum ba. A tohon da ya fito bayan an yanke kara. A dawar da fari ya dakatar da girmanta sannan ruwa ya dawo. Da kuma gonar da ta sha takin yuriya, domin dawa na amfani da sinadarin gyauro a matsayin rumbun ajiyar naitirojin. Cirar da ake yi lokacin noman farko, a ɗauro a kawo wa tumaki, tana cikin wannan lissafi. Shanya ganye na rage gubar amma ba ya kawar da ita duka. Dabbar da aka fara ba harawa ko dusa ta fi wadda ta shiga da yunwa tsira. Akwai allurar da ke ceto in an yi sauri, haɗin sodiyam naitirait da sodiyam tayosalfet ta jijiya, sai dai aikin likitan dabbobi ne. Akwai wata gubar ta taki da ke kama da wannan a ido, wadda ke mayar da jini ruwan ƙasa maimakon ja, kuma a irin wannan hali waccan allura ƙara kashe dabbar za ta yi.

Wasu za su ce to a kawo irin dawar da ba ta da gubar mana, kowa ya huta. Akwai ta. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar da irin dawar kiwo da aka kashe wa enzayim na farko, kuma dabbobi na son ta. Amma abin da saniya ke so, ƙwaro ma na iya so. Manomin Zurmi ba don ganye yake shuka ƙaura da farafara ba, don tsaba ne, kuma makamin da ke kare shukarsa a makonnin farko, lokacin da ta fi rauni, ba abin da za a jefar ba ne don an ga ya yi kyau a gonar gwaji a jihar Indiyana. Sai an shuka shi a jigawar nan, an ga yadda zai yi da fara da tsutsa da fari, kafin a yi maganar raba shi.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman dawa a duniya, tana girbe fiye da tan miliyan 6 a shekara, amma yawancin sunayen da aka ji a wannan sharhi na ƙasashen waje ne, irin su Denmak da Ostareliya da Amurka. Ba duk aikin ne ke bukatar injin miliyoyi ba. Auna sayanayid a ganye ana yin sa da 'yar takarda da aka jiƙa da sinadarin fikiret: a daka ganye a sa a kwalba, a rataya takardar a rufe, in akwai guba ta tashi daga ruwan ɗorawa ta koma ja-ja. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda zai iya yin wannan. Kira a nan shi ne ga wannan kwaleji, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da sashen koyon likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato: a tattaro irin dawar da manoman Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ke shukawa, a auna kowanne mako-mako daga tsiro har ya yi bununi, a rubuta sakamakon da Hausa da Fulatanci, a miƙa wa malaman gona da shugabannin makiyaya kafin damina mai zuwa.